Garin Laka na Malama Murjanatu

Ranar Litinin, 16 ga Maris, 2020, bayan la'asar, Murjanatu ta fara haɗuwa da Nu'uman. Motar haya ce ta sauke ta a bakin hanyar Gidan Badaru, wani ƙauye da ke gabas da Zango, jaka a ka, hannun 'yarta Khairunnisa a hannunta. Nu'uman shi ne shugaban 'yan sintirin ƙauyen. Yana zaune a kan babur a gindin dalbejiya, sai ya miƙe ya tare ta.

"Baiwar Allah, daga ina?"

Ta faɗi sunan garinsu, can yammacin jihar, inda 'yan bindiga suka hana mutane noma. Ya dube ta tun daga sama har ƙasa.

"Wurin wa?"

"Wurin gwaggona, Yelwa."

"Ina mijinki?"

"Ya rasu. A gona suka same shi."

Ya ce Allah ya jiƙansa, ya ba ta hanya, amma bai ɗauke ido daga kanta ba har ta shige zauren gwaggon. Ta san irin wannan kallo. A garinsu ta taɓa ganin an ja wani mai shayi zuwa bakin kasuwa saboda an ce infoma ne, wato mai kai wa ɓarayi labarin masu dukiya. Ba a tambaye shi komai ba, bai kuma koma gida ba. Tun daga ranar ba ta son jin kalmar ko a bakin yaro.

Murjanatu 'yar tela ce, a cikin gari ta tashi, ta yi kwalejin horon malamai, ta koyar da aji uku na firamare har lokacin da aka kashe mijinta. Niyyarta ta sa Khairunnisa a makarantar ƙauyen, sai ga shi ba a daɗe da zuwansu ba aka rufe makarantu saboda annobar korona. Yarinyar kuwa tun rasuwar ubanta ta daina surutu, sai ta zauna ta ƙura wa bango ido. Don ta samu abin da zai ɗauke mata hankali ne uwar ta fara yi mata karatu a ƙarƙashin rumfar Gwaggo Yelwa.

Ba allo, ba alli, ba littafi. Da gawayi suke rubutu a bayan tsohon ƙyaure. Lissafi da 'ya'yan tsamiya: a tara, a ɗebe, a raba wa mutum huɗu a ga saura. Turanci kuwa daga jikin buhun taki da kwalin ashana suke karanta shi. Sun shuka wake a gwangwanayen madara, wani a rana, wani a ƙarƙashin ƙwarya, suna leƙawa kowace safiya su ga wanda ya yi kore da wanda ya fito fari sal kamar mai jinya. Sun kafa kara a tsakar gida, suna sa tsakuwa a inda inuwarsa ta tsaya da hantsi da azahar. Kafin watan azumi ya fita, yaran maƙwabta sun cika rumfar, iyaye mata suna aiko mata da fura da kuka, ana kiranta Malama. Khairunnisa ma ta fara dariya, musamman idan tana tare da Ummi, 'yar Alhaji Sha'aban, mutumin da ya fi kowa shanu a ƙauyen.

Da ruwan farko ya sauka, Murjanatu ta yi shawarar haɗa darussan a abu guda. Ta sa yaran suka ɗebo laka daga kududdufi, suka gina ƙauyen nasu a ƙasan rumfar: masallaci, rijiya, hanyar Zango, gidan kowa da inda ƙofarsa ta fuskanta. A nan suka koyi gabas da yamma, suka rubuta sunayen masu gidajen a ɓawon ƙwarya. Sai ta ce kowane yaro ya je ya ƙirgo shanun gidansu, ya zo ya jera ƙwayar wake ɗaya a madadin kowace saniya, a daidai inda garken yake.

Washegari kowa ya jera uku. Ta sake tura su, suka dawo da uku. Ummi ma, wadda ta iya ƙirga har ɗari ba gargada, uku ta ajiye tana sunkuyar da kai. Murjanatu ta ɗauka ƙiwa ce ta yara, ta yi musu faɗa, ta bar maganar. Da ta yi wa Gwaggo Yelwa ƙorafi, tsohuwar ta ajiye tsintsiya.

"Ke, 'yar nan! Wa ya ce miki ana ƙirga wa mutum shanunsa? A nan ko matarsa ba ta tambaya. Albarka ke tashi, baki ya kama su. Kada na sake jin wannan."

Murjanatu ta ce to, amma ba ta kwashe waken ba. A ganinta wasan yara ne.

Ranar Asabar, 11 ga Yuli, aka wayi gari an kwance wa Alhaji Sha'aban shanu, har da bijiman da yake huɗa da su. Masu bin sawu suka bi har bakin iyaka suka dawo hannu wofi. Kafin azahar magana ta zagaya ƙauyen: ɓarayin ba su yi lalube ba, kai tsaye suka nufi garken, ke nan akwai wanda ya nuna musu. Ranar ba yaro ko ɗaya da ya zo rumfa.

Wata maƙwabciya ce ta leƙo ta kan katanga, murya ƙasa-ƙasa.

"Yelwa, ana maganar baƙuwarki a ƙofar gidan Mai gari. Wai ta zana garin nan kaf, gida gida, ta sa yara suna ƙirgo mata dukiyar iyayensu. Nu'uman ya ce bayan la'asar za su zo."

Murjanatu tana wanke-wanke, kwanon ya suɓuce daga hannunta. Ta juya ta dubi rumfar. Abin da jiya yake wasan yara, yau sai ta gan shi da idon Nu'uman: ga hanyar shiga, ga hanyar fita, ga sunan kowane mai gida, ga wake a bayan kowane gida. Ita kuma baƙuwa ce, daga inda ake wannan ta'asa ta fito, ba miji, ba ɗan'uwa namiji da zai tsaya mata. Ta zauna a kan turmi.

"Rushe shi!" in ji Gwaggo Yelwa. "Ga ruwa nan a bokiti, kwara masa, mu share wurin."

Ta ɗauki bokitin. Ta tsaya a kan garin lakar. Khairunnisa ta fito daga ɗaki ta tsaya, ta ƙura wa bango ido irin yadda take yi a da.

"Gwaggo, yaran garin nan duka sun san da shi," in ji Murjanatu. "In suka zo suka tarar na wanke, me zan ce na ɓoye?"

"In kuma suka gan shi fa? Kina tsammani za su tsaya sauraron ki?"

Ta yi tunanin ɗaukar yarinyar ta bi ta bayan gida cikin gero, amma geron bai kai gwiwa ba, kuma babur ya fi ta sauri. Ta ajiye bokitin. Ta kai Khairunnisa ɗaki, ta ɗaura mata takardun haihuwarta a bakin zane, ta ce ko me ta ji kada ta fito, in kuma an tafi da ita, ta zauna wurin Gwaggo. Ta yi sallar la'asar, ba ta san abin da ta karanta ba.

Ƙarar babura ta fara ji, sannan hayaniya. Nu'uman ya yi sallama sau ɗaya ya shigo, matasa na biye da shi da gora da adda. Mai gari Badaru ya biyo baya yana dogara sanda, tare da Alhaji Sha'aban, idanunsa jawur. Wasu suka hau katanga. Daga waje wani ya yi ihu, "A fito da infoma!" Murjanatu ta durƙusa.

Nu'uman ya nuna rumfar da gora. "Ranka ya daɗe, ga shi nan. Tun ranar da ta sauka na ce a sa mata ido. Dubi hanya, dubi rijiya, dubi gidana ma. Ke kuma, wa kike aika wa hotonsa?"

"Wallahi ba kowa. Karatu ne na yara."

"Wane karatu ne ake ƙirga shanun mutane?"

"Lissafi ne, Malam. Kuskure na yi. Ban san ba a yi ba."

"Da kika sani fa? An ce gwaggonki ta hana ki."

Gaskiya ne, an hana ta. Hayaniyar ta ƙaru, wani saurayi ya matso har ta ga laka a yatsun ƙafarsa. Ta rufe ido tana salati.

Mai gari ya ɗaga sanda aka yi shiru. Ya tsuguna da ƙyar a gaban garin lakar, ya daɗe yana dubawa. Ya sa aka karanta masa ɓawon ƙwaryar har aka zo kan gidan Alhaji Sha'aban.

"Alhaji, zo ka gani. Shanunka ke nan?"

Alhaji ya leƙa. "Uku? Ni?"

"To nawa ne?"

"Haba, ranka ya daɗe. Arzikin Allah ne, ba a ƙirgawa."

"Ka ji. Nu'uman, ga naka gidan. Uku."

"Ni akuya ma ban da ita, balle saniya," in ji Nu'uman, ya ɗaure fuska.

Wani a kan katanga ya ƙyalƙyale da dariya. "Kai, Nu'uman ya yi arziki bai gaya mana ba!"

Mai gari ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya da bakin sandarsa, ko'ina uku. Ya sa aka kira Ummi. Yarinyar ta shigo tana kuka, ta ɓuya a bayan ubanta.

"Jikata, daina kuka. Wa ya ce ki sa uku?"

"Innata ce. Ta ce in Malama ta matsa, in ce uku, kada in kuskura in ƙirga. Sai muka gaya wa sauran, kowa ya sa uku, don kada a yi wa wani dariya."

"Garkenku a nan yake, yamma da gida?"

"A'a, gabas yake. Turmin Gwaggo ne ya tare wurin, sai na sa a nan."

Mai gari ya miƙe yana karkaɗe riga. "Ɓarawon da ya bi wannan, a ramin masai na gidan Alhaji zai faɗa. Wanda ya kwance shanun nan ya san garin nan fiye da abin da ke ƙasan rumfar nan."

Matasan suka fara zamewa ɗaya-ɗaya. Nu'uman bai gamsu ba, ya karɓi wayarta ya ce sai an bincika. Mai gari ya juyo gare ta.

"Malama, ba mu same ki da laifin sata ba. Amma an hana ki, kin ƙi ji, ga shi kin ga inda ya kusa kai ki. Ki rushe shi da hannunki, yanzu, kowa na gani. Karatun nan kuma a dakata."

Da bokitin nan ta kwara. Masallacin ya fara narkewa, sannan rijiyar, waken ya bi ruwa kaji suka tsince. Sai da tsakar gidan ta zama ba kowa ta shiga ɗaki, ta tarar da Khairunnisa a ƙarƙashin gado, ta toshe kunnuwanta da yatsu.

Bayan mako guda Nu'uman ya aiko da wayar. Shanun ba a gan su ba har yau, ba a kuma san wanda ya nuna hanya ba. Wasu mata sun ci gaba da gaishe ta, wasu sun daina. Ita kuwa ko ƙarar babur ta ji a ƙofar gida sai ta miƙe tsaye. Ummi kaɗai ce ta riƙa zuwa a ɓoye tana duba wakenta na gwangwani.

A watan Oktoba, da aka buɗe makarantu, Murjanatu ta ɗauki 'yarta ta koma Daura, ta samu aiki a wata makarantar firamare mai zaman kanta. Tana nan tana koyar da aji uku. Khairunnisa tana sakandare. Gwaggo Yelwa ta rasu a 2023, Murjanatu ta je ta'aziyya ta dawo a ranar. Har yanzu tana ba ɗalibanta aikin gida da wake da gawayi da 'ya'yan tsamiya, amma ba ta sake sa yaro ya zana unguwarsu ba, ba ta kuma sake tambayar wani abin da ubansa ya mallaka ba.