Fankar Motar Auta

A layin masu gyaran mota ba mai kiransa da sunan yanka. Baba Fiyus ake ce masa, don wayarin mota ne sana'arsa, kuma fushinsa ba ya sallama kafin ya shigo. Shekara talatin da bakwai yana rumfa ɗaya, tsakanin mai faci da mai fenti. Kayan aikinsa ba su cika gwangwani biyu ba: filaya, sukundireba, salatif, sai ƙwan gwaji mai jelar waya da yake ratayawa a wuya. In ka ambaci masu duba mota da kwamfuta, tsaki zai ja maka ya juya baya.

Bana idonsa ya soma yi masa gardama. Duk gidan sun lura, amma ba mai iya faɗa sai Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ma'aikaciyar asibiti, wadda ta gado bakinsa tas. Ta ce ya je a duba idon, ya ajiye aiki. Ya ce idonsa garau yake. Ana cikin haka motarta ta tsoma baki.

Tsohuwar mota ce, shi ya zaɓar mata, kuma ba hannun da ke taɓa wayoyinta sai nasa. Da Auta ta kunna esi a cikin cunkoso, sanyi zai ɗan zo ya ɗauke, allurar zafi ta hau sama, fankar da ke gaban lagireto ta yi tsit. Zuwan farko ya canza fiyus. Na biyu ya canza rile, ɗan makunnin da ke sakar wa fankar wuta. Na uku ya kwance fankar ya jona ta da batir kai tsaye, ta juya har tana neman tashi sama. Abin takaicin, duk sanda ya ɗaga bonet a rumfarsa, munafukar juyawa take lafiya lau. Auta na barin layin, ko awa ba a yi, sai ga kiranta.

Zuwa na huɗu da rana tsaka ta iso, rigar aikinta sharkaf da gumi.

"Baba, ni fa na gaji. Ba motar ba ce, idonka ne."

"Ido ne ke juya fanka?"

"To mu yi haka. In yau ma ta gagare ka, ka ba ni makullin rumfar nan."

"In ta gagare ni, da hannuna zan miƙa miki."

A gaban mai faci ya faɗa, kuma mai faci mutum ne da ba ya mantuwa.

Ya ɗaga bonet ya tokare, ya ce ta tayar ta kunna esi. Fanka ta kama juyi. Ya dangwala ƙwan gwaji a bakin fiyus, ya kawo wuta. A ƙafafun rile, ya kawo. A soket ɗin fankar, ya kawo. Ya kankare wayar da ke ɗaure a jikin bodi har ta yi ƙyalli. Ba abin da ke ɓata masa rai kamar lalurar da ke ɓuya in ta ga mai magani. Awa biyu yana sunkuye, bayansa na ciwo, Auta na zaune a benci tana kaɗa ƙafa.

Haushi ya ci shi, ya fizge matokari ya maka bonet da ƙarfi, injin na aiki. Bai taɓa yin haka ba. Shi a tsarinsa, kamar duk 'yan layin, bonet a buɗe ake gwaji, sai an kashe mota ake rufewa.

Ƙarar fankar ta ɗauke.

Ya tsaya cak. Ya ɗaga, ta kama. Ya rufe, ta yi shiru. Zuwa huɗu kenan yana gwada motar bonet a buɗe, yanayin da ba a taɓa tuƙa ta a ciki ba.

Ya bi damin wayoyin da yatsu har gefen fitila, inda bakin bonet ke sauka. Nan ya ji wani ƙullutun salatif, kuma tun kafin ya warware ya gane naɗin, don shi kaɗai ke ƙare naɗi da ƙulli biyu. Watan jiya da ya gyara mata fitila ya yanke wayoyin nan ya sake haɗawa. Ashe silin waya biyu kacal suka kama, sauran suna waje, bai gani ba. Bonet na dannawa sai haɗin ya rabu. Kunya ta rufe shi, sai kuma wani tsoro da bai san yana tare da shi ba.

Ya yanke wurin ya fere bakunan. Waya biyu ta nan, biyu ta can, koriya da shuɗiya. Ya kawo su dab da fuska, ya nisantar, ya juya su wajen haske. Duka huɗun launi ɗaya yake gani.

"Auta," ya ce ƙasa-ƙasa, yadda mai faci ba zai ji ba. "Zo ki nuna min koriyar."

Ta taso. Ta kama yatsansa ta ɗora a kan wayar, sannan ta ɗora a kan 'yar'uwarta. Ya murɗe, ya liƙe da dalma, ya zagaya da damin ta ƙarƙashin ƙarfe, ya rufe bonet a hankali. Fanka ta ci gaba da juyi, sanyi ya cika motar.

"Baba Fiyus ya ci!" in ji mai faci. "'Yata, makulli sai wata shekarar."

Auta ba ta yi dariya ba, ba ta kuma miƙo hannu ba. Baba ya cire ƙwan gwajin daga wuya ya jefa a gwangwani, ya ja ƙofar rumfa tun la'asar ba ta yi ba, ya zura makullin a aljihu. Ya zagaya ya buɗe ƙofar gaban motar ya zauna, yana kallon titi.

"Makulli dai ba zan ba ki ba," ya ce. "Likitan idon nan naku, har ƙarfe nawa yake zama?"