Jinin Maliki

Kalilu manomi ne a Turba. Tun suna yara yake ganin ƙanensa Maliki ake fara dubawa a komai. Shekarar da fari ya ƙone gero, Maliki ya kamu da sankarar jini, Kalilu ya kai shi asibitin birni. Likitoci suka roƙi jinin Maliki, za su gwada magani a kan ƙwayoyinsa. Kullum sai sun zo gaishe shi.

Kalilu ya miƙa hannu. "Ni ma za ni bayar. Uwarmu guda."

"Naka lafiya lau yake, Baba," in ji likita.

Maliki ya rasu kafin damina. Har Kalilu ya tsufa, in aka yi zancen jinin nan, sai ya yi wa ƙanensa addu'a, ya bar wurin.