Ranar da Kawu Ya Yi Wa Kyamarata Kwalliya

Shekarun baya, lokacin da ciwon ɗaukar hoto ya kama ni, ko kwanon abinci aka ajiye mini sai na zagaye shi da kyamara kafin in sa hannu. Wata kyamara 'yar gwanjo na saya, na rataya a wuya, na bi abokai muka hau tsaunin Mambila. Ni da na tashi a Katsina, garin da ke shimfiɗe kamar tabarma, sai ga ni ina kallon gajimare a ƙasan ƙafafuna. Na ɗauki tsauni, na ɗauki shanu a kan tsauni, na ɗauki wata tsohuwa tana saƙa kwando. Tuwon masarar da aka kawo mana kuwa sai da ya yi sanyi ƙalau kafin na bari aka taɓa. Na zuba hotunan a shafina, aka yi ta yabo, kaina ya kumbura.

Da na dawo na nuna wa mahaifiyata. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "To kai ina kake a ciki?"

Na ce, "Ai ni ke ɗauka, Inna."

"Ka tahi har can ka ɗauko duwatsu? Ga Dutsin-Ma nan kusa." Ta miƙo mini kyamarar, ta ce in dai sana'ar hannu nake nema, ga yayanta nan zai rufe rumfarsa ƙarshen wata, idonsa ya ƙi.

Kawun nan nawa baduku ne, rumfarsa tana wani lungu kusa da hasumiyar Gobarau. Tun ina yaro nake ganinsa zaune a ƙasa cikin tarkacen fata, da riga mai tabon rini, yana ɗinka jaka da kube da tumtum. Sai a lokacin na lura ba mu da hotonsa ko ɗaya yana aiki, kuma in ya rufe shi ke nan. Har na gama tsara abin a kaina: hasken safiya, tsohuwar rigar, ƙwaryar fura da ludayi a gefe. Na ce wa Inna ta gaya masa zan zo ran Asabar, a tanadi furar. Ban san na kunna wuta ba.

Ran Asabar na wuce rumfar ban gane ta ba, sai da aka ƙwala mini kira. An share, an yayyafa ruwa, an shafe bango da farar ƙasa, an rataya labule mai furanni. Ko ƙyallen fata babu. Kawu na tsakiya a kan kujerar roba, ya sha babbar riga ta shadda mai sitaci, ga hula, ga turare har bakin titi. Ya dafa gwiwoyi, ya haɗe rai kamar alƙali. A bayansa telan lungun da mai shayi da sauran maƙwabta sun yi sahu, kowa da kaftanin Juma'a.

Na durƙusa muka gaisa: kwana, gajiya, iyali, hanya, mutanen tsauni. Sannan na ce, "Kawu, ina kayan aikin?"

"An kai su cikin gida. Ba hoto za a yi ba?"

"To rigar aikin fa?"

Ya dube ni da mamaki. "Wanga tsumman? Uwarka ta ce duniya duka za ta gani. So kake a ce dangin uwarka ba su da sutura?"

Ana cikin haka sai ga furar ta iso. Ba ƙwarya, ba ludayi. A jug ɗin gilashin Inna aka zubo ta, wanda ba ya fitowa daga kabad sai an yi baƙi na ji da gani, har da kofunan tangaran. Saƙon da ya biyo shi ne kada in kuskura in kunyata gida.

Haka na fara ɗauka raina a jagule. Na ce a ɗan yi murmushi, Kawu ya ce babba ba ya yage baki a hoto. Na ɗauke shi shi kaɗai, na ɗauke shi da tela, na ɗauki tela da mai shayi, har wani mai wucewa ya jingine kekensa ya shigo sahu. Rana tana ɗagawa, hasken da na zo nema yana guduwa, ni kuma na cika kyamara da mutanen da suka ƙame kamar an ce kada kowa ya yi numfashi.

Na tsuguna zan ɗauko su daga ƙasa ke nan, igiyar kyamarar ta tsinke. Da ƙyar na tare ta da gwiwa.

Kawu ya ce, "Miƙo nan." Ya murza igiyar, ya shinshina, ya ja tsaki. "Wagga ai ba hwata ba ce, roba ce aka yi wa fenti. Mutum ya rataya dukiya a kan roba!"

Sai ya cusa hannu cikin aljihun babbar rigar ya zaro basilla da zare da wani zankaɗeɗen yankin jar fata. Ashe duk kwashe kayan da aka yi, waɗannan bai yarda sun bar jikinsa ba. Ya naɗe hannuwan rigar a kafaɗa, ya ajiye hula a kan kujera, ya sulale ƙasa, ya danne fatar da babban yatsan ƙafa. Ya kai zare bakin basilla, ya kuskure. Ya sake, ya kuskure. Tela ya matso zai karɓa, Kawu ya kaɗa masa kai, ya rufe idon gaba ɗaya, ya laluba da yatsa har zaren ya shige. Ya duƙufa ɗinka mini sabuwar igiya. Na ɗaga kyamara, na danna.

Bai ɗago ba sai da ya gama ɗinkin. Sannan ya ce, "Mi na ji ya yi ƙara?"

"Hoto ne, Kawu."

Ya shafa kansa. "Ba hula? A ƙasa? Wallahi ka nuna ma mutane wannan, ni da kai ne."

Don haka na kan kujerar na saka a shafina, na rubuta cewa badukun Katsina ne. Mutum na farko ya ce Allah ya ja zamanin hakimi. Na biyu ya tambaya wace kujera yake nema a zaɓe mai zuwa. Da na karanta wa Kawu, ya yi dariyar da ya hana kyamarata gani.

Tun daga ranar, kafin in ɗauki mutum sai na tambaye shi yadda yake so a gan shi. Tsauni ne kawai ba ruwansa. Ɗayan hoton kuwa har yau ban nuna wa kowa ba, ko Inna.

Kawu ya rufe rumfar a ƙarshen watan, yanzu idon ya tafi gaba ɗaya. In na je gaishe shi, sai ya bari ɗakin ya watse, ya rage murya.

"Hoton nan marar hula, yana nan?"

"Yana nan, Kawu."

"Hwaɗa mani abin da ke ciki."

Sai in faɗa masa: ga shi a ƙasa, ga fata a ƙarƙashin yatsa, ga basilla ta shiga rabi.

"Ɗinkin ya miƙe?"

"Ya miƙe sak."

Sai ya gyaɗa kai. "To, ka riƙe shi da kyau."