Tsohuwar Muryata a Wayoyin Dillalai

Da ƙungiyarmu ta dillalan hatsi ta fara ajiye bayanan kaya a manhajar waya, ni aka ɗora wa rubuta yadda ake aiki da ita. Mutanenmu ba sa son karatu a waya, sai na riƙa tura musu bayanin a saƙon murya.

Da shekara ta zagayo, masu manhajar suka sauya tsarinta. Inda ake taɓawa a adana, nan ya koma wurin gogewa. Na gyara rubutun, na sake tura murya, amma tsohuwar ta riga ta zaga daga Kiru har Doguwa.

Ranar kasuwar Tudun Wada, dattijon da ya koya mini awo ya tare ni.

"Kai ɗan nan, muryarka na bi, masarata duk ta ɓace a wayar."

"Baba, ta bara ka saurara."

"To, bara ƙarya ka yi mana?"

Na bar cinikina, muka wuni a sitonsa muna sake shigar da lissafin buhunansa a wayar. Tun ranar, kowace murya sai na fara da faɗin ta wace kaka ce. Har yau ana tura tsohuwar, ni kuma ina ta bi ina roƙon a goge.