Ranar da Kwamared Ya Sayi Tarakta

Duk wanda ya zauna tsakanin Kankiya da Kusada ya san hular Kawu Lawal. Hular gashi ce mai kunnuwa biyu, wadda ya zo da ita daga Rasha, inda aka tura shi koyon gyaran motocin noma tun ana ce wa ƙasar Tarayyar Sobiyet. Tsakiyar bazara za ka gan shi tafe da ita a ka, gumi na bin wuyansa. In ka ce, "Kawu, ba ka jin zafi?" sai ya harare ka.

"Kai ka san sanyi kau? Wanda na sha can nike ramawa."

Kowa Kwamared yake ce masa, har liman. Ni ɗan ƙanwarsa ne, kuma wallahi na sha wuyar mutumin nan fiye da kowa.

Tarakta ɗaya ce ja a hannunsa, ta gwamnati. Da ita talakan da ba shi da shanun huɗa yake samun shuka a kan lokaci, in ya rasa ta kuwa damina ta wuce shi. Dokar Kawu ɗaya ce: layi. Mai son huɗa ya zo ya ajiye dutse a jikin katangar gidansa, bayan na wanda ya riga shi.

Wata shekara ruwa ya sauka da wuri. Ga ni da mata da 'ya'ya uku, ga gonata a Bauranya ta jiƙe sharkaf. Na je na durƙusa na gaishe shi.

"Kawu, ni ne hwa."

"Na gane ka. Ina dutsenka?"

"Haba Kawu, har da ni?"

"Tarakta ba ta da ɗan ƙanwa."

Sai da na yi kwana tara ina jira. Mahaifiyata ta yi wata guda ba ta amsa gaisuwarsa. Abin da ya rufe mana baki shi ne, a shekarar nasa dutsen ne na ƙarshe. Da ya ga lokaci zai ƙure, sai ya aro shanu ya je gonarsa ta gado a Ƙofa. Mutane suka fito kallo: ga Kwamared yana bin bayan bijimai yana "hai, hai", makullin tarakta na lilo a wuyansa.

Wani attajiri, ba sai na kama suna ba, ya taɓa aiko masa da rago don a fara da tasa gonar. Kawu ya karɓi igiyar, ya ja ragon har ƙarshen duwatsu, ya kafa turke ya ɗaure, sannan ya dubi ɗan aiken.

"Ka ce mashi rago ya samu layi. Saura shi."

Ranar da rediyo ta ce Sobiyet ta wargaje, 'yan majalisar bakin tasha suka samu abin da suke nema. "Kwamared, gidanku ya rushe!" Ya gyara zaman hularsa ya ce, "Gyara suke yi." Shekara da shekaru amsar kenan. Daga baya wasiƙa ta zo daga wani abokin karatunsa, Kawu ya karanta mini yana fassarawa. Masana'antar da suka koyi aiki an sayar wa wasu 'yan tsiraru. Bayan wasu shekaru gwamnati ta sake karɓe manyan kamfanonin, amma yanzu riba take nema da su kamar kowane ɗan kasuwa. Ya ninke takardar a hankali.

"To, ba ta mutu ba," ya ce. "Shago ta buɗe."

Ranar bai je majalisa ba.

Mu ma abin ya iso mu. Aka ce gwamnati ba za ta ƙara riƙe motocin noma ba, za a yi gwanjonsu, kowa ya nemi ta haya wurin 'yan kasuwa. Masu sayen tsohon ƙarfe suka zo har gida suna ƙwanƙwasa jikin taraktar, suna kintatar nauyinta. Kawu, wanda ya yi shekara talatin yana mana wa'azi cewa bai dace mutum ɗaya ya mallaki abin da jama'a ke ci da shi ba, ya tashi ya sayar da gonarsa ta Ƙofa, ya je ya saye ta.

Matarsa Inna Rabi ta yi kuka kamar an yi mutuwa. "Malam, ka sai da abin da za mu ci, ka sawo muna ƙarfe?" Ni ma na yi masa magana mai zafi, wadda har yau nake jin kunyarta. A majalisa kuwa shewa aka yi.

"Kwamared ya zama ɗan jari-hujja! Alhaji mai tarakta!"

"Ku yi dariyarku," in ji shi. "Can gwamnati ta koma 'yar kasuwa. Nan kuma dole wani ya koma gwamnati."

Kuma haka ya yi. Bai goge tambarin gwamnati daga jikinta ba. Manomi ya kawo mai, shi ya kawo ƙarfinsa, shi ke nan. Su kuma a gida suka koma cin ɗan fanshonsa da abin da Inna ke samu a ƙuli-ƙuli.

Wata rana yana kwance ƙarƙashinta yana ɗaure wani abu da waya, na tambaye shi abin da ya daɗe a raina. Na ce, "Kawu, tsakani da Allah, can ɗin da gaske kowa daidai yake?"

Ya leƙo da kai daga ƙarƙashinta.

"Ina hwa! Na sha layin burodi cikin ƙanƙara, manya na shiga ta ƙofar baya ina kallo. Ni ba su na ɗauko ba. Abin da suka ce za su yi ba su yi ba, shi na ɗauko."

Taraktar ta riga shi mutuwa da damina ɗaya. Da ya rasu, abin da ya bari ɗakuna uku ne da tulin ƙarfen da ba ya tashi. Na zauna wurin zaman makoki raina a ɓace, ina ta saƙa yadda zan haɗa Inna Rabi da iyalina a kan gona ɗaya.

Da kaka ta yi, wata safiya Inna ta aiko a kira ni. Na tarar da dammunan gero da dawa jingine a zaure, wasu na kan amalanke ba a sauke ba. Kada in yi ƙarya, ba duk waɗanda ya yi wa huɗa ne suka zo ba, da yawa sun manta. Amma an zo daga Ƙofa, an zo daga Bauranya. Wata tsohuwa da ban san ta ba ta kawo ƙwarya ɗaya ta wake, ta ajiye ta ce, "Na gonar Kwamared ne," ta juya. Inna ta bi ta da kallo, ta share ido da bakin mayafi.

"Shekara goma sha wani abu ina ce mashi ba shi da gona," ta ce.

Allah Ya jiƙan Kawu Lawal, Ya yafe masa taurin kansa, mu ma Ya yafe mana abin da muka faɗa masa. Allah Ya sanyaya makwancinsa. Amin.