Mudi Mai Gwaji da Na'ura Mai Son Hannu Biyu

A layin masu rediyo na kasuwar Nguru akwai wata rumfa da ba a sayar da komai a cikinta. Tebur ne guda, da benci, da wani dattijo mai suna Mudi, wanda shekara talatin da 'yan kai ke nan mutanen garin suna kawo masa kayan wuta ya duba kafin su saya. Kakansa Bahaɗeje ne, fataucin ƙiraga da ƙaro ya kawo shi a zamanin da jirgin ƙasa ke cika tasha. Mahaifinsa ya gaji fataucin. Shi kuwa Mudi tun yana saurayi hannunsa ya karkata ga gyaran rediyo, daga nan agogo, daga nan rikoda. Da wayoyin hannu suka zo da kayan ciki ƙanana kamar ƙwayar gero, idonsa ya gaza, ya tattara kayan gyara ya ajiye. Amma mutane ba su daina zuwa ba, domin sun shaida abu guda game da shi: in ya ce kaya zai yi, to zai yi, in ya ce ba zai yi ba, wanda ya saya ya sayi ciwon kai.

Yana da tasa hanyar. Kafin ya taɓa kaya sai ya tambayi wanda zai riƙe shi. In tocila ce ta masunci, sai ya tsoma ta a bokitin ruwa. In rediyo ce ta makiyayi daga Machina, sai ta yini a rana a kan kwanon rumfa. An taɓa kawo masa wayar da za a saya wa wata tsohuwa mai raunin gani, ya shafa man kaɗanya a tabarau ɗinsa, ya yini yana neman lambobi ta cikin hazon. Kwana uku yake ɗauka, ba ya ragewa ko da sarkin kasuwa ne ya aiko. 'Yan kasuwa ba sa ƙaunar wannan jira, amma suna haƙuri, tunda kayan da ya tsallake rumfar Mudi ba ya kwana a shago.

Ba shi da gona, ba shi da kanti. Abin da ya mallaka shi ne tun da ya fara bai taɓa yanke magana ya dawo ya janye ba. Da wannan yake ci, da shi ya aurar da 'ya'yansa mata huɗu, kuma ya san ranar da aka fara cewa Mudi ma yana kuskure, ranar ce bencinsa zai fara zama babu kowa.

Wata safiya a tsakiyar bazara sai ga Musbahu, mai shagon wayoyi a bakin layin, ɗan wani marigayi abokinsa, tare da wata mata ɗauke da jaka. Suwaibatu sunanta, malamar firamare ce a Gashuwa. Bayan an gaisa Musbahu ya buɗe kwali ya ɗora wani abu baƙi a kan tebur, mai tsawon taƙi da 'yan kai, gilashi a tsakiya, maɓallai hagu da dama.

"Baba, kwamfutar wasa ce ta hannu. Guda huɗu na ɗauko daga Kano, na hannu ne amma kamar sababbi. Malama na son ɗaya, ta ce sai ka gani."

"Wa zai riƙe?" in ji Mudi.

Suwaibatu ta yi bayani. Ƙanenta ne, Gaji, masunci, shekararsa talatin da ɗaya. Bara motar da ta ɗauko su da bandar kifi ta kife, hannunsa na dama ya shanye tun daga kafaɗa. Kafin haka babu wanda ke cinye shi a wasan ƙwallo na kwamfuta a gidan gem na unguwarsu. Yanzu ba ya zuwa kogi, ba ya zuwa majalisa, yana zaune a zaure, sai ya yini bai furta kalma goma ba.

"Ko zai ɗan sake, Baba. Abin da nake nema ke nan."

Mudi bai taɓa buga wasan ba. Musbahu ya nuna masa wurin kunnawa, ya nuna masa ƙananan sanduna biyu masu juyawa a ƙarƙashin babban yatsa, da maɓallai huɗu na bugun ƙwallo, ya tafi.

Ranar farko da hannu biyu ya duba ta, kuma ya yaba wa maƙerinta. Bayanta an yi mata tudu daidai tafin hannu, yatsu suna samun wurin kwana. Kusoshinta a fili suke, alamar wanda ya ƙera ya san wata rana mai gyara zai buɗe. A inuwa hotonta garau, har ciyawar filin ƙwallon ana gani; a rana kuwa sai ta koma madubi, ba ya ganin komai sai gemunsa. Tana da nauyi kamar cikakkiyar kwalbar lemo, kafin rabin awa wuyan hannunsa ya fara magana. Da rana ta take, 'yar fankar da ke cikinta ta shiga kuka irin na sauro, bayanta ya yi zafi kamar murfin tukunya, 'yan wasan suka soma jan ƙafa kamar masu tafiya a taɓo. Ya matsa da ita kusa da randa, suka warware. Batirin ya ɗauke shi daga hantsi bai kai azahar ba, sannan ya sha cajin sola har bayan la'asar.

Rana ta biyu ya zo da tsohon rawani, ya ɗaure hannunsa na dama a jikinsa ta cikin riga, ya bar hannun rigar yana reto.

"Baba Mudi, wa ya sare ka?" in ji mai shayin da ke kallon rumfar.

"Aiki ne."

"To in kunu ya zo da wane hannu za a sha?"

Mudi ya koma kan aikinsa. Ya riƙe na'urar da hagu, yatsansa yana tafiyar da ɗan wasa, amma maɓallan bugu suna can ɗaya gefen, hannu ɗaya ba ya haɗa su. Ya ɗora ta a gwiwa, ta zame. Ya kwantar da ita a tebur, yana tsalle da hannu daga hagu zuwa dama, kafin ya isa an ƙwace ƙwallon. Har haɓa ya gwada, masu wucewa suna dariya. Ɗan wasansa yakan kai bakin raga ya tsaya kan ƙwallo kamar baƙon da ke jiran a ce masa bismilla. Rana ta uku ma haka.

Da Suwaibatu ta dawo, ya yanke magana a gaban mutanen da ke benci.

"Malama, kaya mai kyau ne, tana jin zafi, batirinta gajere, amma duk wannan da sauƙi. Maƙerinta hannu biyu ya ƙirga. Ɗan'uwanki ba zai iya da ita ba. In kin kai masa, kin kai masa abin da zai riƙa tuna masa da hannun kullum."

Magana ba ta tafiya yadda aka sake ta. Kafin la'asar abin da ya isa ƙarshen kasuwa shi ne Mudi ya ce kayan Musbahu ba su yi ba, har wani da ya ce a ajiye masa ɗaya ya aiko cewa ya fasa.

Suwaibatu ba ta tashi daga bencin ba. Ta daɗe tana murza bakin mayafinta.

"Baba, na riga na gaya masa. Tun da na faɗa yake tambayata. In na koma hannu wofi zai ce ƙyashi na yi. Don Allah ka zo ka gaya masa da bakinka."

Mudi ba ya bin kaya gida, amma ya dubi fuskarta ya ce zai je. Ya aika a roƙi Musbahu aron na'urar na kwana ɗaya. Musbahu ya zo da kansa, fuska a ɗaure.

"Ka tafi da ita, Baba. Amma abin da ka gano, a nan za ka faɗe shi, inda ka faɗi na farko."

Washegari suka shiga motar Gashuwa da sassafe. Gidan yana kusa da kogi, komaye rataye a katanga sun yi ƙura. Gaji na zaune a tabarma a zaure, dogo ne, hannun dama kwance a cinyarsa kamar na aro. Ya gaishe da Mudi da ladabi, ya saurari bayanin duka, zafi da batir da hannu biyu, bai katse shi ba.

"Na ji, Baba. A ba ni in taɓa, ko sau ɗaya."

Suwaibatu ta dubi Mudi. Mudi ya kunna ya miƙa.

Gaji bai ɗaga ta ba sam. Ya ajiye ta a tabarma, ya jingina ta da matashi, ya tankwashe ƙafar dama ya tokare gefenta don kada ta zame. Sannan ya ɗora babban yatsan ƙafarsa ta hagu a kan sandar hagu, ya kai hannunsa mai lafiya kan maɓallan dama. Da fari ɗan wasan ya yi ta kewaye kamar kazar da ta sha bugu. Gaji ya gyara zama, ya rage nauyin ƙafar. Ɗan wasan ya miƙe, ya yanke mutum ɗaya, ya ba da ƙwallo, aka mayar masa. Bugu na uku ta shiga raga.

"Yaya, matsa, kina tare mini haske," in ji Gaji, bai ɗago ba.

Mudi ya sunkuya yana kallon yatsan nan yana juyawa a hankali, hagu, dama, ɗan taɓi kaɗan, kamar na mai kaɗi.

"Ina ka koyi wannan?"

"Baba, da me kake zaton muke riƙe koma in muna ɗinki? Tun ina shekara bakwai yatsan nan yake aiki. Shi ke jan zare, shi ke sassautawa."

Mudi ya cire takalmi ya ce a ba shi. Ya ɗora nasa yatsan, ɗan wasan ya ruga ya fice daga fili bai waiwayo ba. Gaji ya yi dariya har da tari.

"Ƙafar 'yan birni ke nan, Baba. Takalmi kawai ta sani."

Daga nan Mudi ya koma bakin aikinsa, domin gwaji sabo ya samu. Ya zauna har azahar yana lura. Ya ga matashin da aka jingina ta da shi yana toshe ƙofar iskar baya, zafi yana taruwa da wuri. Ya ce a sa kafinta ya yi mata 'yar kujerar katako mai rami a baya, ta ɗaga daga yashi. Ya ga kaushin yatsan zai cinye robar sandar kafin damina, ya ce a yanko bakin safar roba a sa mata hula. Maɓallan da ke can saman hagu ba mai kai musu, Gaji ya ce zai iya rayuwa ba su. Batirin ya mutu a inda Mudi ya ce zai mutu.

"Malama, ki saya," in ji shi. "Maganata ta jiya ba daidai ba ce."

A mota yana komawa ya yi ta juya abin. Zai iya tsayawa shagon Musbahu ya gaya masa a kunne. Zai iya cewa dama ai ya ce kaya mai kyau ne, kuma ba ƙarya ya yi ba. Har suka wuce Jajimaji yana auna wannan, yana jin yadda za ta yi sauƙi.

Kashegari ranar kasuwa ce, benci cike. Wani mai awon hatsi yana riƙe da sabon lasifika a kwali, wani Bafillace kuma da fitilar sola, suna jiran ya karɓa. Mudi ya aika aka kira Musbahu, ya jira har mai shayi ya matso, sannan ya miƙe tsaye, abin da ba ya yi.

"Shekaranjiya na ce mai hannu ɗaya ba zai iya da na'urar Musbahu ba. Na je na gani, ya iya, ya kuma fi ni iyawa da hannuna biyu. Na ɗaure hannuna na ɗauka na zama shi, alhali ƙafata ta ɗan kasuwa ce, tasa ta masunci. Kuskurena ne. Kayan Musbahu ba su da laifi."

Musbahu ya sosa ƙeya, fushin da ya zo da shi ya rasa wurin sauka.

"Ashe dai ana yin kuskure, Baba."

"Ana yi."

Mai lasifikar ya duba kwalinsa, ya ce bari ya je ya dawo, ya saɓa ya shiga cikin kasuwa. Kowa ya san ba zai dawo ba, Mudi ma ya sani, ya bi shi da ido har ya ɓace. Bafillacen bai fahimci rabin zancen ba, ko kuma ya fahimta bai dame shi ba. Ya ajiye fitilarsa a tebur.

"Ta wane ne?" in ji Mudi, yana komawa mazauninsa.

"Ta innata ce, tana ruga, bayan Kumagannam."

Mudi ya juya fitilar, ya danna maɓallinta, ya ji taurinsa.

"Tana shigowa kasuwa?"

"Wani lokaci, in ta kawo man shanu."

"To bar ta a nan. Ran da za ta shigo, ka biyo da ita ta rumfar nan in ga hannunta, sannan in yi magana."