Yadda Na Raba Ta da Kyamara

Edita, a lokacin da abin nan ya faru ni mai ɗaukar hoto ne a harkar fim, na shekara bakwai da kyamara a kafaɗa, ina ganin ba wanda ya isa ya gyara mini tsayuwa. Shekarun nan ne da kasuwar kaset ta mutu, aiki ya yi wuya, sai mutum ya yi wata uku ba a neme shi ba. Kullum cikin zullumi nake, gani nake kowa so yake ya ƙwace mini ɗan abin da ya rage.

Ana haka wani darakta ya kwashe mu zuwa wani ƙauye a ƙasar Makoɗa, lokacin cirar gyaɗa, za mu yi fim a kan mata masu ƙuli-ƙuli. Matsalar ita ce gidajen ba a shiga, mu kuwa duk maza ne. Sai ya zo da wata mata daga Rijiyar Zaki, Babarbariya, wadda kakanninta suka zo daga Barno tun ba a haifi iyayena ba. A wajen biki ta koyi ɗaukar hoto, ɓangaren mata. Da na gan ta na yi dariya, na ce wa abokan aiki yau kyamara ta shiga uku.

Kwana biyu tana shiga wani babban gida da izinin maigidan. Muka zauna a gindin darbejiya muka kalli abin da ta ɗauko. A hoton ta kamo hannun wata tsohuwa yana matse tunkuza mai na tsatsowa, ga matan suna hira suna dariya kamar ba a ɗaukarsu. Ban taɓa ɗauko irinsa ba, kuma na sani. Darakta ya ce a gaban kowa gobe ita za ta ɗauki fitowar gona ma, ni in riƙa taimaka mata. Ranar na kasa cin abinci, na kasa zama wuri ɗaya, sai kai-kawo nake yi a bakin gonar dawa.

Bayan la'asar na sami maigidan shi kaɗai. Na ce masa a matsayina na ɗan'uwansa Musulmi ba zan ɓoye masa ba, matar nan tana ɗaukar iyalinsa ba mayafi, kuma a waya za su ƙare. Na ƙara da cewa ya dubi tsagar fuskarta, ba tamu ba ce, ba ta san mutuncinmu ba. Ƙarya nake yi, domin duk wadda ta fito a hoton da lulluɓinta. Washegari da safe ya zo da ƙannensa, ya karɓi katin kyamarar da hotunan ke ciki ya fasa shi da dutse, ya ce ko ta bar garin ko mu tafi gaba ɗaya. Darakta ya zaɓi aikinsa. Ba ta yi kuka ba. Ta miƙo mini kyamarar da hannu biyu, ta kira ni Malam, ta ce in lura batir ɗaya ba ya riƙe caji. Sannan ta hau babur ta tafi.

Mun ƙarasa fim ɗin a cikin gari da 'yan wasan da ba su taɓa suyar ƙuli ba, ya fito ba wanda ya waiwaye shi. Abin da ya fi tsaya mini shi ne ranar da za mu bar ƙauyen, tsohuwar nan ta leƙo soro tana tambaya ina 'yarta mai kyamara, wai ta yi musu alkawarin za ta nuna musu kansu. Na sunkuyar da kai na ci gaba da naɗe waya.

Bara na nemi gidansu. Yayanta ya shaida mini tun daga ranar ba ta ƙara taɓa kyamara ba, don maganar ta bi ta har gidajen biki, ɗinki take yi yanzu. Ya shiga ya fito, ya ce ta ce tun a ƙauyen ta san ni ne, ta yafe, amma kada in sake zuwa.

Ta yafe, ni ne na kasa samun sukuni. Na gane ba addini na kare ba, ba al'ada ba, tsoro ne kawai ya sa na fake da su. 'Yan'uwana masu wannan sana'a, idan mace ko wanda ba yarenku ba ya fi ku iya aiki, ku matsa ku koya. Ni na riƙe kyamarar, amma har yau ban ɗauko abin da ya kai na kwana biyun nan nata ba, kuma ni na sa aka fasa shi.